Ko Marubucin Fasaha Yana Bukatar Ƙungiya?

Akwai wani irin marubuci wanda kusan kowa ya taɓa karanta aikinsa, amma da wuya a sami wanda ya san sunansa. Shi ne mai rubuta 'yar takardar nan da a ke naɗewa a sa cikin kwalin magani, da ɗan littafin da ke zuwa tare da injin ban ruwa ko keken ɗinki, da manyan kundayen da makanikan jirgin sama ke buɗewa kafin su taɓa ko ƙusa guda. Ba ya tsara waƙa, ba ya ƙaga labari. Aikinsa shi ne ya karɓi magana daga bakin injiniya ko likita, ya warware ta, ya shimfiɗa ta yadda wanda bai taɓa ganin abin ba zai iya aiki da shi ba tare da ya cuci kansa ko ya ɓata kayan ba. In ya yi aikinsa da kyau, ba mai tunawa da shi. In kuwa ya yi kuskure, wani ne can nesa zai sha wuyar, wanda ba su taɓa gamuwa ba. Irin wannan mutum shi a ke kira marubucin fasaha.

Ran 21 ga Janairu 2025 masu wannan sana'a suka sami labari marar daɗi. Ƙungiyarsu mafi shahara a Amurka, wadda a ke taƙaita sunanta da haruffa uku, STC, ta ba da sanarwa ta rufe ƙofa ba sauran buɗewa, gama bashi ya yi mata katutu, 'ya'yanta kuma sun yi ta raguwa shekara da shekaru. Ba ƙaramar ƙungiya ba ce ta faɗi. Asalinta tun 1953 ne, sa'ad da aka kafa waɗansu ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Boston, ɗaya a New York, a lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya bar wa duniya na'urori masu wuyar sha'ani waɗanda tilas a rubuta yadda a ke sarrafa su. Biyun nan suka haɗu a 1957, wata ta Los Angeles ta shigo a 1960, kāna a 1971 aka raɗa mata sunan da ta mutu da shi.

To, da jin wannan labari mutane da yawa suka ce ai magana ta ƙare, zamanin ƙungiya ya wuce, kuɗin da a ke biya kowace shekara asara ne, tun da ya ke duk abin da mutum ke nema yana samunsa kyauta a intanet. Wannan hukunci an yi gaggawar yanke shi. Kuɗin shiga ƙungiya ba asara ba ne, amma fa ba don dalilin da galibin masu shiga su ke zato ba.

Ya kamata a fara da abin da ƙungiya ba ta bayarwa. Likita a Ingila ba shi da ikon duba marar lafiya sai sunansa yana cikin rajistar majalisar likitoci, in an soke sunan kuwa, aiki ya ƙare. Marubucin fasaha ba haka ya ke ba. Ba wata doka da ta hana kowa wannan aiki, ba kuwa ƙungiyar da ke da ikon korar wani daga cikinsa. Waɗansu ƙungiyoyi su kan ba ɗansu izinin jera haruffa bayan sunansa, amma mai ɗaukar ma'aikata da ya san abin da ya ke yi ba haruffa zai duba ba, shafi biyu na aikin mutum zai nema ya karanta. Saboda haka wanda ya biya kuɗi don ado, ko don ya rataya takarda a bango, shi kam labudda ya yi asara. Amfanin yana wani wuri dabam, kuma labarin wani mai sayar da yadi na ƙasar Holan ya fi kowane bayani nuna shi.

Sunansa Antoni van Leeuwenhoek, mutumin garin Delft. Bai shiga jami'a ba, bai iya Latin ba, alhali kuwa Latin ne harshen malaman Turai a wancan zamani. Abin da ya iya shi ne goge 'yan ƙananan gilasai har su riƙa girmama abu fiye da na kowa. A London kuwa an kafa ƙungiyar masana da a ke kira Royal Society a 1660, kuma magatakardanta, Henry Oldenburg, ya fara buga mujallarta a 1665, mujallar da har yanzu ba ta daina fita ba. Tun daga 1673 mai yadin nan ya shiga aika wa ƙungiyar wasiƙu da harshensa na gida, a juya su zuwa Turanci, a rage surutun da ke ciki, a buga. Cikin Oktoba 1676 ya aiko da wata doguwar wasiƙa, ya ce ya ga waɗansu 'yan halittu masu rai suna iyo a cikin ɗigon ruwa, ƙanƙantarsu ta wuce abin da hankali zai ɗauka.

Nan ne ƙungiyar ta yi aikinta. Ba ta yi masa dariya ta jefar da takardar ba, ba ta kuma gaskata shi don ladabi ba. Sai ta nemi ya faɗi yadda ya yi, da yadda ya ƙidaya. Ya aiko da shaidar mutanen kirki na garinsu waɗanda suka leƙa gilashinsa suka gani, amma duk da haka ba a gamsu ba sai da Robert Hooke ya jiƙa barkono a ruwa kamar yadda wasiƙar ta kwatanta, ya yi ta gwadawa, har cikin Nuwamba 1677 ya nuna wa 'yan ƙungiyar halittun da idonsu. Gani ya kori ji. A 1680 suka zaɓe shi ya zama ɗaya daga cikinsu, ya ci gaba da rubuto musu har ya rasu a 1723. Da ba don wannan ƙungiya ba, da mai yiwuwa ne labarin ƙwayoyin nan ya tsaya a bakin maƙwabtansa, a ce wani ɗan kasuwa ne mai yawan ƙarin gishiri. Abu uku ya samu a wurinsu: wanda zai gyara masa rubutu, wanda zai tuhumi maganarsa da gaske, da wanda zai tsaya masa bayan an tabbatar. Ya kamata kuma a lura, tun a littafin tarihin ƙungiyar wanda Thomas Sprat ya buga a 1667, an nuna cewa tana bukatar 'ya'yanta su bar ƙawata zance, su yi magana a fili irin ta masu sana'a da 'yan kasuwa. Ashe tun farkon kimiyyar zamani an san cewa rubutu shi ma sana'a ne mai bukatar horo.

Dalilin da ya sa marubucin fasaha ya fi sauran marubuta bukatar idon wani a bayyane ya ke. Shi ya riga ya san abin da ya ke nufi. In ya tsallake mataki guda, zuciyarsa za ta cike masa gurbin ba tare da ya farga ba, ya karanta sau goma bai ga giɓi ba. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, mutum ya kan taka nasa ya hango na wani. Injiniyan da ya ƙera na'urar ma ba zai taimake shi sosai ba, gama shi ya fi shi sanin abin, saboda haka ya fi shi makanta ga giɓin. Daɗin daɗawa, a kamfanoni da yawa marubucin fasaha shi kaɗai ne irinsa, a tsakiyar injiniyoyi talatin ko hamsin waɗanda ke ganin rubutu aikin ƙarshe ne da a ke yi in lokaci ya ragu. Ba shi da na gaba da zai koya masa, ba shi da tsara da zai gwada aikinsa da nasa. Ƙungiya ita ce wurin da irin wannan mutum ke gamuwa da wanda ya shekara ashirin yana yin kuskuren da shi yanzu zai fara.

Kada mai sauraro ya ɗauka abin wasa ne. A Amurka, cikin Satumba 1977, a wata tashar lantarki mai aiki da ƙarfin nukiliya da a ke kira Davis-Besse, a jihar Ohayo, wani bawul ya buɗe ya ƙi rufuwa, ruwan da ke sanyaya tukunyar ya shiga zurarewa. Ma'aikata suka duba ma'auni, suka zaci ruwa ya yi yawa, suka rage famfunan da ke ƙaro shi. Allah ya kiyaye, tashar ba ta cikin cikakken aiki a ranar, aka kuma gano kuskuren bayan kamar minti ashirin. Injiniyoyi biyu na kamfanin da ya ƙera tukunyar suka fahimci haɗarin sarai, suka rubuta takardun gargaɗi, ɗaya cikin Nuwamba 1977, ɗaya cikin Fabrairu 1978, suna neman a sanar da dukan tashoshi masu irin wannan tukunya kada su kashe famfunan nan a irin wannan hali. Takardun suka yi ta yawo daga tebur zuwa tebur, ana muhawara, ba su isa ga ma'aikatan tashoshin ba. Ran 28 ga Maris 1979, a tashar Three Mile Island ta jihar Pensilbaniya, irin wannan bawul ya sake maƙalewa a buɗe, ma'aikata suka maimaita kuskuren, bawul ya yi fiye da sa'a biyu yana zubar da ruwa, kusan rabin cikin tukunyar ya narke, mutane wajen 140,000 suka bar gidajensu na ɗan lokaci.

Ba wanda zai ce katin ƙungiya ne zai hana wannan haɗari, faɗin haka wauta ne. Abin lura shi ne, ilmin yana nan, an ma rubuta shi, isarwa ce ta gagara. Tun daga lokacin, malaman wannan sana'a sun yi ta nazarin takardun nan layi layi, suna tambaya: ina aka sa gargaɗin, a kan takarda ko a ƙasanta? Wa aka aika wa, mai ikon zartarwa ne ko mai ikon ajiyewa? An faɗi abin da a ke so a yi, da ranar da a ke so a yi shi? Irin wannan darasi kamfani ba ya son yaɗa shi, don tonon asirinsa ne. A mujallun sana'a da tarurrukanta ne a ke tattauna shi a fili, ya wuce daga tsoho zuwa yaro. Har wa yau, ran da shugaba ya ce wa marubuci ya sassauta gargaɗi don kada ya tsorata masu saye, marubucin da ke shi kaɗai ba shi da abin faɗi sai ra'ayinsa. Wanda ke da ƙungiya kuwa yana iya ajiye ƙa'idar sana'a a kan tebur, ya ce ba shi ya ƙaga ta ba.

Akwai kuma aikin da mutum ɗaya ba ya iya yi ko da ya fi kowa gwaninta, watau daidaita kalmomi. Littattafan gyaran jirgin sama da Turanci a ke rubuta su, alhali mafi yawan makanikan da ke karanta su, daga Jidda har Akara, ba Turanci ne harshen iyayensu ba. Don haka kamfanonin jiragen Turai suka roƙi ƙungiyar maƙeran jirage ta samo magani, aka zaunar da masana rubutu daga kamfanoni dabam dabam, a 1986 suka fitar da littafin sauƙaƙan Turancin fasaha, wanda yanzu a ke kira ASD-STE100. Kalmomin da ya yarda da su ba su wuce kamar 900 ba, ban da sunayen kayan aiki. Kowace kalma ma'anarta guda. Jimlar umurni kada ta wuce kalma 20, kuma kada a cusa umurni biyu a jimla ɗaya sai in tare za a yi su. Gaskiya ne wannan ƙungiyar kamfanoni ce, ba ta ɗaiɗaikun marubuta ba, amma darasin ɗaya ne. Da wani gwani ya zauna a ɗakinsa ya tsara wannan littafi shi kaɗai, ko ya fi wannan kyau, ba wanda zai bi shi. Ƙarfinsa duka daga yardar da aka yi da shi ne.

Saura maganar intanet, wadda ita ce hujja mafi ƙarfi ta masu cewa a bar ƙungiya. Ba shakka yau yaro mai koyon sana'ar yana iya jefa tambaya da dare ya tashi da amsa goma, bai biya ko kwabo ba, kuma waɗansu zaurukan na kyauta sun yi wa masu rubuta bayanin kwamfuta amfani ƙwarai. Ba daidai ba ne a raina su. Amma amsa goma ba ta gaya wa mutum wadda ke daidai, kuma wanda ya ba da amsar banza ba abin da zai same shi gobe. Mujallar da a ke tace kowace maƙala kafin a buga, da ajiyar rubuce-rubucen shekara hamsin, da wakilin da zai zauna a kwamitin ƙa'idodin duniya shekara uku ana jayayya a kan sakin layi ɗaya, duk waɗannan suna cin kuɗi, kuma wani ne ke biya. Mai cewa yana samu kyauta, sau da yawa daga rijiyar da masu biya suka haƙa ya ke sha.

Su ma ƙungiyoyin suna da nasu laifi, bai kamata a rufe shi ba. Ƙungiyar da ta mai da hankalinta ga babban taron shekara a otal mai tsada, ta bar ƙananan rassa inda a ke zama a duba aikin juna, ta manta abin da aka kafa ta dominsa. Wadda kuma ta sa wa ɗan Kumasi kuɗi daidai da na ɗan Kalifoniya, ta kore shi ke nan ba tare da ta faɗa ba. Mutuwar STC gargaɗi ne ga sauran. Amma sauran suna nan: ta Ingila, ISTC, wadda aka kafa a 1972 ta hanyar haɗa ƙungiyoyi uku, da ta Jamus, tekom, wadda aka kafa a 1978, mai yin babban taronta a Stuttgart. Wanda zai shiga wata, tambayar da ta kamace shi ita ce ko akwai wanda zai karanta shafinsa ya ce masa nan ka ɓata.

Wannan magana ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Maƙera suna da sarkinsu, haka mahauta da magina da wanzamai, kuma tun kafin zuwan Turawa a ƙarƙashin irin wannan tsari yaro ke koyon sana'a, a kuma tsawata wa wanda ya ɓata mata suna. Abin mamaki shi ne masu rubuta bayanin fasaha da Hausa, waɗanda aikinsu ya shafi rai kai tsaye, su ne a warwatse. Wani yana Kano yana juya takardar maganin ƙwari, wani yana Yamai yana juya ta allurar rigakafi, wani yana Makka yana rubuta wa alhazai gargaɗin zafin rana, wani yana London ko Washington yana juya labarin kimiyya don rediyo. Kowa da kalmominsa. Cutar da a ke kira ƙanjamau a Nijeriya, sida a ke ce mata a Nijar. Jaka a Kano naira 200 ce, a Maraɗi kuwa sefa 1,000. Kalmar shawara a bakin jama'a ta haɗa cututtuka dabam dabam waɗanda ke sa ido ya yi rawaya, alhali a wurin likita wanda sauro ke kawowa dabam, waɗanda ke kama hanta ta hanyar jini ko gurɓataccen ruwa dabam, rigakafinsu ma ba ɗaya ba ne. An taɓa yin yunƙuri daga sama: Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, an kuma yi taron daidaita haruffa a Bamako a 1966, jami'o'i kuwa sun tattara kalmomi masu yawa. Amma hukuma tana iya buga jerin kalmomi, ba ta iya zama kusa da mai fassara ran da ya ke gaggawar miƙa aiki.

Misali ɗaya ya isa. Ruwan gishiri da sukari da a ke haɗa wa yaro mai gudawa a gida, in ba a sami na ƙunshi ba, ma'auninsa shi ne lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, da sukari ƙaramin cokali shida, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Ƙaramin cokali mililita 5 ya ke ɗauka, babba kuwa 15. In mai fassara ya rubuta cokali kawai, uwa ta ɗauko babba, ta ba ɗanta gishiri ninki uku, gishiri mai yawa kuwa yana iya halaka jaririn da jikinsa ya riga ya bushe. In ya manta ya ce a shafe bakin cokalin, ta tula shi, an sake ƙara wani. Mai fassarar ba mugu ba ne, ba kuwa jahili ba. Shi dai a ransa ƙaramin cokali ya ke nufi, bai kuma sami wanda zai karanta takardar da idon uwar da ke ƙauye ba.

Ba sai an jira gini ko tallafin wata gwamnati ba. Mutum goma sha biyu masu wannan aiki, daga ƙasashe huɗu ko biyar, suna iya sa wa kansu ɗan kuɗin shekara gwargwadon ƙarfin kowace ƙasa, su ɗauki alkawari biyu: ba wanda zai saki takardar da ta shafi magani ko guba sai ɗan'uwansa ya karanta, kuma duk kalmar da aka yi jayayya a kanta aka daidaita, a rubuta ta a littafi guda tare da yadda a ke faɗinta a Kano da Damagaram da Kumasi da Marwa. In suna neman abin da za su fara da shi a zaman farko, ga ma'auni nan yana jira: cokali, da kofi, da kwalba, da murfin jarka, kowanne a faɗi ko mililita nawa ne, a kuma yanke wanda za a daina rubutawa sam.